Wa ya kalli Operation Alamelamma? Ni dai na rasa dariya zan yi ko zullumi

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai wani fim ɗin Indiya da nake so mu ɗan taɓa, Operation Alamelamma, na 2017 ne kuma da yaren Kannada aka yi shi. Labarin wani maraya ne da ake ce wa Purmy, dillalin kayan gwari a Bengaluru, shi ke gwanjon kayan miya a kasuwa amma Allah Ya jarabce shi da son kaya masu suna, riga ko takalmi in dai ba na babban kamfani ba ne ko kallo ba su ishe shi ba. Sai ya faɗa son wata malamar makaranta mai suna Ananya. Can gefe guda kuma an sace ɗan wani attajiri ana neman kuɗin fansa, kwatsam 'yan sanda suka damƙe Purmy da jakar kuɗin a hannunsa, shi kuma ya kafe kan cewa kyan jakar ne ya ja shi ya ɗauka bai san me ke ciki ba. Daga nan fim ɗin ya rabu biyu, ana tuhumarsa a hannun 'yan sanda ana kuma komawa baya ana nuna yadda soyayyar ta faro.

To tambayata ita ce, wai dole ne sai an cusa soyayya da barkwanci da sarƙaƙiyar bincike duk a fim ɗaya? Ni a ganina duk lokacin da hankalina ya fara tashi kan yaron da aka sace sai su yanke su kai ni wajen hira da budurwa, kafin a dawo zullumin ya huce. Ko ni kaɗai na ji haka?

Mai_Shayi_Fagge:
Wa alaikumus salam. Ai Malam Abban Hanifa in ka cire soyayya da waƙa da wasa daga fim ɗin Indiya to me ya rage, sai dai ka koma kallon na Amurka hhhh

UmmuSultan:
Na kalle shi wlh kuma ni ban ga laifin haɗin ba. Komawa bayan nan da kake ƙorafi a kai ai ita ce fim ɗin. Sufeton yana so ya gane ko yaron nan ɓarawo ne ko wawa ne kawai, kai ma mai kallo abin da kake ta aunawa ke nan, to da me za ka auna in ba a nuna maka halinsa ba? Sai ka ga yadda yake rawar jiki a kan kayan gayu, yadda yake cika baki a gaban yarinya, sannan za ka ce eh wannan zai iya ganin jaka a titi ya sunkuya ya ɗauka. Da an fara da shi a caji ofis an ƙare da shi a caji ofis ba wanda zai damu da shi.

DanKurmi99:
Wannan ba shi ne na jarumin Kantara ba? Mai gemun nan

Sadiq_Maradi:
A'a DanKurmi ka haɗa su. Na Kantara sunansa Rishab Shetty, shi ya ba da umarni kuma shi ya fito jarumi, 2022. Wannan kuwa Rishi ne kawai, kuma wannan fim ɗin ne na farko da ya fito a matsayin jarumi. Akwai kuma na uku Rakshit Shetty, shi ma daban. Sunayensu na rikita mutane sosai, mu ma nan Maraɗi in ana gardamar fim a majalisa kullum sai an yi wannan rikicin. Daraktan Alamelamma sunansa Suni, shi ne ya yi Simple Agi Ondh Love Story a 2013 da Rakshit ɗin, daga nan ma ake ce masa Simple Suni. Mutum ne da ya fi ƙarfi a wajen zance, maganganun 'yan fim ɗinsa gajejjeru ne masu gatse, wannan ya ce wancan ya mayar nan take.

DanKurmi99:
To na gode Malam Sadiq. Ni duk ɗan Kudancin Indiya a wajena Tamil ne wlh

Sadiq_Maradi:
Haka mafi yawan mutanenmu suke ɗauka. Manyan masana'antun fim na Kudu huɗu ne, Tamil a Chennai, Telugu a Hyderabad, Malayalam a jihar Kerala, sai Kannada a jihar Karnataka wadda babban birninta Bengaluru. Ita ta Kannada ana mata laƙabi da Sandalwood. Kafin KGF ya fito a ƙarshen 2018 kaɗan ne a cikinmu suka san da zamanta, alhali KGF ɗin da kowa ke ta rantsuwa da shi nasu ne, jaruminsa Yash ɗan can ne.

Zee_Gusau:
Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Ni na fara kallonsa amma ban iya ƙarasawa ba, kuma ba don fim ɗin ba shi da kyau ba. Daidai wajen da aka nuna uban yaron yana jiran waya, ni kuma sai ƙirjina ya fara bugawa, saboda mun zauna irin wannan zaman a gidanmu lokacin da aka ɗauke mijin yayata a hanya. Waya na ƙara kowa ya miƙe, a sayar da wannan a ranto wancan, yara suna tambaya ina Baba ba mai amsa. Alhamdulillah ya dawo da ransa. Amma tun daga nan in na ga an sa garkuwa da mutane cikin abin dariya sai na ji wani iri. Ban ce haramun ne ba, na ce dai ni ba zan iya ba.

UmmuSultan:
Allah sarki Zee, Allah Ya kiyaye gaba Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Wlh ban kawo wannan a raina ba lokacin da nake rubutu.

Abban_Hanifa:
Amin ya Allah. Ƙanwata kin taɓo wani abu da ni ma yake cikin abin da ya dame ni amma ban iya faɗarsa ba. Wataƙila su can abin bai zame musu ruwan dare ba shi ya sa suke iya wasa da shi.

Kawu_Bala:
Abban Hanifa kar ka ce haka, su ma sun ɗanɗana, kuma masana'antar Kannada ɗin ce ma ta fi kowa sanin zafin abin. Ku yara ne lokacin, mu muna jin labarin a rediyo. A ƙarshen watan Yuli na shekarar 2000 wani ɗan ta'adda mai suna Veerappan, mai gashin baki kamar me, wanda ya shahara da kashe giwaye don haure da satar itacen sandal a dazukan da ke tsakanin Karnataka da Tamil Nadu, ya je har ƙauyen Gajanur ya ɗauke Dakta Rajkumar. Shi Rajkumar ɗin nan shi ne uban masana'antar gaba ɗaya, ya yi fim sama da 200, a lokacin ya haura shekara 70. Kwana 108 ya yi a daji a hannun mutumin nan, sai tsakiyar Nuwamba aka sako shi. Bengaluru ta rikice, aka rufe kasuwanni da makarantu, aka dakatar da harkar fim, gwamnatocin jiha biyu suna ta aika ɗan saƙo daji. Shi Veerappan sai 2004 jami'an tsaro suka kashe shi, Rajkumar kuma ya rasu a 2006. Kai har ɗansa Shivarajkumar daga baya ya fito a fim ɗin da aka yi kan yadda aka kashe Veerappan ɗin, a matsayin ɗan sanda.

To ka ga mutanen da aka sace musu babban gwarzonsu ba za a ce ba su san garkuwa ba. Bambancin dai kawai su abin ya wuce ya zama tarihi, shekara 17 tsakanin wancan da wannan fim ɗin, mu kuwa muna cikinsa tsundum. Wanda ya warke shi ke iya ba da labarin ciwo yana dariya. Don haka Zee tana da gaskiya, masu fim ɗin ma ban ga laifinsu ba, ba don mu suka yi shi ba.

Zee_Gusau:
Na gode Kawu, wlh ban taɓa jin wannan labarin ba. Kwana 108, innalillahi.

Mai_Shayi_Fagge:
Kawu Bala kundin tarihi, Allah Ya ƙara lafiya. Wannan Rajkumar ɗin shi ne baban jarumi Puneeth da ya rasu?

Kawu_Bala:
Shi ne, ɗana. Puneeth ne autan maza, ya rasu a Oktoban 2021 yana da shekara 46, ciwon zuciya.

Sadiq_Maradi:
Kuma kamfanin Puneeth ɗin ne, PRK, ya shirya Kavaludaari a 2019 wanda shi Rishi ya fito ɗan sandan kula da hanya da ya tsunduma binciken wani tsohon kisa. Malam Abban Hanifa in bincike zalla kake so babu wasa babu rawa to wancan ne naka, ka nema. Za ka sha mamaki wai mutumin da ya yi Purmy ne.

Auwalu_Yankaba:
Ni ku bar ni da zancen sana'a don nan ne wajena. Tumatir da tattasai nake sayarwa, kuma abin da ya sa na zauna na kalli fim ɗin nan har ƙarshe shi ne an ɗauko ɗan gwari an mai da shi jarumi. Yaushe rabon da ku ga haka? Kullum jarumi ɗan mai kuɗi ne ya dawo daga Landan ko kuma ɗan daba mai dukan mutum hamsin. Wannan kuwa bakinsa ne jarinsa, kuma duk wanda ya san dillali ya san haka abin yake, dillalin da ba shi da baki yunwa za ta kashe shi. Son kayan gayun ma gaskiya ne wlh, akwai yaranmu a kasuwa da zai wuni cikin kwandon tumatir ƙafa duk caɓi amma da yamma in ya yi wanka ya fito ka ce ɗan kwamishina ne, cinikin sati guda zai zuba a takalmi ɗaya. Mutum ne da ba shi da uwa ba shi da uba ba shi da gida, to rigar nan ita ce kaɗai abin da zai nuna a ce shi ma wani ne. Ni wajen nan tausayi ya ba ni ba dariya ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsaftarsa ta yi yawa hhhh, hannun ɗan gwari ba haka yake ba.

Hajjo_Kumasi:
Malam Auwalu ka burge ni. Amma ku maza duk kun tsaya kan Purmy ba wanda ya yi maganar yarinyar. Shraddha Srinath ce fa, kuma ni saboda ita na nemi fim ɗin. Lauya ce ta bar aikin ta shiga fim, ta yi U Turn a 2016 inda ita ce ke ɗauke da labarin gaba ɗaya a matsayin 'yar jarida, sannan a shekarar da Alamelamma ya fito ta yi Vikram Vedha na Tamil, daga baya ta yi Jersey da jarumin Telugu Nani. Abin da nake so da ita ba ta yin irin kwarkwasar nan ta 'yan matan fim, tana magana kamar mace mai hankali da ta san me take so. A nan ma malamar makaranta ce mai zama da mahaifiyarta, tana da nata damuwar, ba wai an ajiye ta ba ne don a riƙa waƙa da ita a kan dutse.

Bash_Kaduna:
Anti Hajjo ni fa nan ne ban gamsu ba. Mace mai ilimi kamar wannan me za ta yi da mai gwanjon kabeji wanda ƙarya ta yi masa yawa? A fim kawai ake haka. A gaske ko sallamarsa ba za ta amsa ba

Auwalu_Yankaba:
Bash a yi dai mu gani, matata NCE gare ta kuma tana koyarwa, ni ko sakandare ban gama ba. Ka iya bakinka hhhh

Bash_Kaduna:
Tuba nake Alhaji, Allah Ya bar ƙauna

Hajjo_Kumasi:
Ka ji ko. Kuma Bash ai ba dare ɗaya ta amince ba, sai da ya sha wuya.

Faruq_Dan_Boko:
Bari in dawo da mu kan tambayar Abban Hanifa don na ga mun yi nisa. Ni ina ganin akwai abin da ba mu lura da shi ba game da yadda ake gina fim ɗin Indiya. Su a sinimarsu ana tsayawa hutu a tsakiyar fim, mutane su fita su sayi abin taɓawa su dawo, saboda haka marubuci dole ya raba labarinsa gida biyu, ya ajiye wani abin mamaki daidai wajen hutun don kar mutane su wuce gida. Rabin farko yawanci na nishaɗi ne, rabi na biyu nan ake ɗaure fuska. Kuma iyali guda ake shiga, uba da uwa da yara da kaka, kowa sai an ba shi nasa. Mu kuma muna kallo a waya mu kaɗai cikin dare, shi ya sa muke jin kamar ana ja mana rai.

Na biyu, a irin wannan labarin barkwancin kansa makami ne. In mutum ya ba ka dariya sai ka saki jiki da shi, ka daina zarginsa, ka daina lura da ƙananan abubuwan da ake wucewa da su ta gabanka. Marubucin yana sane. Duk wanda ya kai ƙarshen fim ɗin ya san me nake nufi, in ka sake kallo karo na biyu za ka ga ashe

UmmuSultan:
Faruq dakata!!! Kar ka fasa ƙwai don Allah, akwai waɗanda ba su gani ba

Faruq_Dan_Boko:
Na yi shiru Hajiya hhhh. Amma dai kun gane, soyayyar da wasan ba ƙari ba ne da aka liƙa, in ka zare su asirin labarin zai tonu tun kafin a je ko'ina.

Abban_Hanifa:
Malam Faruq na ji hujjarka kuma ta shige ni, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Na yarda wasan yana ɓoye abu. To waƙoƙin fa? Me suke ɓoyewa? Yaro na hannun waɗanda suka sace shi mu kuma muna sauraron kiɗa. Sannan tsakiyar fim ɗin ya yi sanyi, akwai wuraren da in an yanke su ba abin da zai ragu.

Sadiq_Maradi:
Waƙoƙin Judah Sandhy ne ya yi su kuma ni sun yi min, ba su da hayaniya. Amma zancen tsakiya ya yi sanyi na ba ka gaskiya.

DanKurmi99:
Wai akwai fassarar Hausa ne? Ni in ba fassara ba na iya bin labari, karatun rubutun ƙasan nan yana sa min ciwon kai, kafin in gama karantawa an wuce

Mai_Shayi_Fagge:
Ni dai da rubutun Turanci na gan shi a wayar wani. Masu fassara sun fi son na faɗa, inda bos zai daki mutum ya tashi sama, shi ke tafiya a kasuwa

Hajjo_Kumasi:
Kuma irin wannan ko an fassara sai an yi asarar rabi. Dariyar fim ɗin a cikin zance take, Suni da wasa da harshe aka san shi, mu da muke karanta Turancin ma na tabbata guntu muke samu. Wani lokaci za ka ga fuskar sufeton ta nuna an faɗi abin dariya amma rubutun da ke ƙasa lami. Sai dai in an samu mai fassarar da zai zubar da nasu ya ƙirƙiro namu, irin zaurancen 'yan kasuwa, to nan zai zauna.

Auwalu_Yankaba:
Su zo su ɗauke ni in yi muryar Purmy kyauta

Bash_Kaduna:
Ni sufeton ne ma gwanina a fim ɗin. Rajesh Nataranga ko? Ba ihu ba zare ido, yana zaune yana sauraron shirmen yaron nan kamar ya yarda alhali lissafi yake. Da irin 'yan sandan wasu finafinan ne da tuni an fara fasa tebur

Maman_Ikram:
Sannunku da hira, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Zee ƙanwata sannu, Allah Ya sa kaffara ne. Ni abin da zan ce, mu ma fa a nan muna yin irin wannan haɗin, sai dai ba ma kiransa da suna. Finafinanmu na Kano nawa ne ake kuka a wannan fitowar, fitowa ta gaba a sako ɗan barkwanci, ta gaba kuma waƙa? A wajen Indiyawan muka gani tun zamanin sinimar dare. Matsalar kawai mu sau da yawa mai barkwancin ba ruwansa da labarin, an kawo shi ne ya cike lokaci, ko ka tsallake shi ba ka rasa komai ba. A wannan kuwa mai ba da dariyar shi ne masoyin kuma shi ne wanda ake tuhuma, mutum ɗaya ne ke ɗauke da duka ukun. Ina ga abin da Faruq yake nufi ke nan. Kuma ba wani kuɗi aka narka ba, ba jirgi ba fashewar mota, kasuwa ce da titi da caji ofis da gida. Masu shirya namu da ke cewa rashin kuɗi ne ya hana su yin labari mai ma'ana su kalli wannan.

Faruq_Dan_Boko:
Daidai Maman Ikram. A shekarun nan Kannada sun yi ta fitar da ƙananan finafinai masu kai, Lucia na 2013 ma ai karo-karo jama'a suka yi ta intanet aka haɗa kuɗinsa, Pawan Kumar wanda ya yi U Turn shi ya yi shi. KGF ne ya zo ya rufe su da ƙura har muke zaton duk abin da suka iya ke nan.

Mai_Shayi_Fagge:
Kar dai a taɓa min Rocky Bhai na KGF a zauna lafiya

Zee_Gusau:
Amin Maman Ikram na gode. Ku ci gaba da hirarku wlh ba komai, ni ma kafin abin ya same mu da na kalla na yi dariyata. Wanda Malam Sadiq ya faɗa na ɗan sandan hanya, shi ma akwai satar mutane a ciki?

Sadiq_Maradi:
Tsohon kisa ne ake tonowa, ƙasusuwa aka tsinta wajen aikin hanya. Yana da nauyi dai, ba na dare ba ne in mutum shi kaɗai ne.

Abban_Hanifa:
To ni dai har yanzu ina nan kan cewa da an rage waƙa an tsuke tsakiyar da ya fi haka. Amma zan sake kallonsa saboda maganar Faruq, in ga ko da gaske akwai abin da aka wuce da shi ta gabana ina dariya. Malam Auwalu nawa kwandon tumatir yau?

Auwalu_Yankaba:
Ka zo kasuwa Alhaji, ba a ciniki a guruf

DanKurmi99:
Har yanzu fa ba wanda ya ba ni amsa, akwai fassara ko babu